"Ciwon ido sai haƙuri": haƙurin me?

Malamin Hausa, Rafindaɗi: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar wani dattijo ya zo majalisarmu ta Ƙofar Soro, idonsa ja zir, yana ta goge kwantsa da bakin rawani. Aka ce Baba a leƙa asibiti mana, ya ce "ciwon ido sai haƙuri," ya gyara zama. Na sha koyar da karin maganar nan a aji, amma jiya ne na tsaya na tambayi kaina: haƙurin me magabata suke nufi? Na zaman gida har Allah ya kawo sauƙi, ko wani ne daban?

Gwaggon Yara, Ƙofar Marusa: Malam, a gidanmu ma'anarta ɗaya ce, kar ka sosa. Ƙafa in ta yi targaɗe a ja ta, ƙurji in ya nuna a matse shi, baya in ya riƙe a yi ƙaho. Ido fa? Ba ya janyuwa, ba ya matsuwa. Kakarmu in ta ga hannunka ya nufi ido sai ta buge shi ta faɗi wannan magana. Haƙurin na hannu ne.

Direban Jibiya: Gwaggo, a gafarce ni, ni ban taɓa jin an faɗe ta a kan ido na gaske ba sai a bakin dattijon Malam. A tasha, in mutum ya kawo kukan ƙaninsa da ya addabe shi, ko ɗan da ya ƙi jin magana, shi ake ce wa ciwon ido sai haƙuri. Naka ne, yana maka zafi, ba ka iya cire shi ka yar. Baba dai ya ɗauki karin magana ya mai da ita takardar likita.

Malamin Hausa: Wannan fassara ta zauna, Direba. Amma ai sai abu ya tabbata a zahiri ake aronsa.

Ma'aikaciyar Jinya, Ƙofar Ƙaura: Ku bar ni in sa baki. Akwai ciwon da maganar Gwaggo ta dace da shi sarai, wato afolo. A Gana aka fara ganin annobarsa a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, sunan ya bi shi. Ƙwayar bairos ce, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu yake wucewa da kansa. Kuma ba a ɗaukarsa ta kallon idon mai shi, ku daina sunkuyar da kai. Hannu ne, da tawul, da matashin kai, da tsinken kwalli.

Abin da ke ba ni takaici, masu cewa sai haƙuri su ne ba sa haƙurin. Nonon mai jego, ruwan sukari, ruwan albasa, fitsari, har ruwan batir ana ɗigawa. Fitsarin mai ciwon sanyi in ya shiga ido, cikin 'yan kwanaki yana iya huda baƙin idon. Wasu kuma su nufi kemis a ba su ɗigo mai dexamethasone, wani maganin kumburi, ja ya washe nan take, su riƙe shi wata da watanni. Irin wannan ɗigon yana iya ta da hawan jinin ido, yana kuma kawo yanar ido.

Ɗan Tsangaya: Yaya, kin ambaci kwalli. Ai sa tozali sunna ne, kuma yana ƙara gani.

Ma'aikaciyar Jinya: Ban ja da sunna ba, ƙanena. Tambayata ita ce me ke cikin tandun. Yawancin dutsen kwallin da ake sayarwa a kasuwa dalma ce a cikinsa, guba ce ga jarirai, ƙwaƙwalwa take taɓawa. Sannan gida guda tsinke guda, daga idon uwa zuwa na jinjiri.

Jikan Maƙera, Daura: Ni wata karin maganar zan kawo, don ita ta faɗa mana a gida: garin neman gira a rasa ido. Kawuna yanar ido ce ta rufe masa idon dama. Aka ce a kai shi a yi aiki, ya rantse ba za shi ba, wai ya ji ana ƙwaƙule idon a ɗora a faranti a wanke sannan a mayar. Sai ga wani mai magani ya sauka a unguwa, aka ce yana kwantar da yana. A zaure aka yi, ina riƙe da kan Kawu. Ya soka wani siririn ƙarfe ta gefen idon ya tura farin ciki. Nan take Kawu ya ce yana ganin hasken ƙofa, mata suka yi guɗa, aka ba mutumin tunkiya. Kwana huɗu ido ya kumbura kamar ƙwan zabo, Kawu ba barci. Mai magani kuwa ya yi gaba. Idon bai sake gani ba. Da na hagu ya rufe, shi da kansa ya ce a kai shi asibitin ido na ECWA a Kano. Yanzu da shi yake karatun Alƙur'ani.

Ma'aikaciyar Jinya: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Ba a fitar da ido daga gurbinsa, jijiya ce ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa. Ƴar kafa ake yi, a cire yanar, a sa wani ɗan gilashin roba a madadinta, sau da yawa ba a cika rabin awa ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce ke da kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin 'yan shekara 40 zuwa sama, kuma kashi 84 na makantar abin da za a iya karewa ne ko a warkar.

Malam, ga inda karin maganarka ba ta kai ba. Gilakoma, hawan jinin ido, mafi yawanta ba ta ciwo sam. Ta gefe take cin gani a hankali, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Wanda ya kai 40, musamman in akwai makanta a dangi, ya je a auna ko da lafiya lau yake ji.

Direban Jibiya: In na je tabarau za su liƙa mani, shi kuwa in ka fara shi ke nan, ido ya mutu.

Gwaggon Yara: Don rashi makaho ya ce ido wari gare shi! Kai da ɗiyarka ke karanta maka saƙo?

Ma'aikaciyar Jinya: Tabarau ba ya kashe ido, Direba. Shekaru ne ke sa ganin kusa ya ja baya, ka sa ko kar ka sa. Wanda ya saba gani tar ne ba ya son komawa dishi-dishi.

Malamin Hausa: Dattijon ya dawo majalisa yau da baƙin gilashi, ya ce jikarsa ma ta tashi da ciwon. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ba mu hannu, ba wanda ya iya ƙi. Yana zama na ga mutum uku sun zame sun nufi wajen buta, ni ne na huɗu.