Neman kalma: idan mai ba da shawara ya faɗi wani abu na rayuwarsa, me za mu kira shi?

1/ Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya da malaman Hausa. Muna rubuta takardar horar da masu ba ma'aurata shawara kan matsalolin shimfiɗa a nan Gusau, sai muka cije a kalma ɗaya, wadda Turawa ke cewa "self-disclosure". Abin nufi, mai ba da shawara ya faɗa wa wanda ya zo neman taimako wani abu da ya shafi shi kansa, da gangan, don amfanin majinyacin.

2/ Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kai. A 1912 Sigmund Freud ya rubuta cewa likita ya zama kamar madubi, kada majinyaci ya ga komai a jikinsa sai abin da shi ya kawo. Daga baya Sidney Jourard, wanda ya yayata kalmar a littafinsa na 1964, ya ce mutum ya fi sakin jiki da wanda shi ma ya buɗe masa. Yau yawanci an tsaya tsakiya: a faɗa, amma kaɗan, kuma da dalili.

3/ Ga yadda abin ke zuwa mana. Mace ta taso tun daga Kaura Namoda, ta zauna a bakin kujera, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, an yi ta kewaye-kewaye da ciwon mara. Kafin ta furta cewa zafi take ji duk lokacin saduwa tun da ta haihu, sai ta ɗago ta ce, "Anti, ke kina da aure?" Wannan tambayar awo ce, tana so ta san ko za a fahimce ta. Idan aka ce mata ba a tambayar ma'aikaci irin wannan, to ta rufe baki ke nan. Idan aka ce, "E, ina da aure, na haihu, na san jego ba wasa ba ne. Yaushe zafin ya fara?" sai magana ta kwance.

4/ Shawarwarin da na samu zuwa yanzu. Wani ya ce "tonon asirin kai". A'a. Bahaushe ba ya tona asiri don alheri, kuma duk ɗalibin da ya ji haka zai ɗauka laifi ne. "Bayyana kai" ya yi faɗi, ko ɓarawon da ya miƙa wuya ya bayyana kansa.

5/ "Buɗe ciki" ta burge ni, tunda kishiyar zurfin ciki ce. Amma wata Hajiya ungozoma daga Talata Mafara ta ce, "Ɗana, a asibiti in ka ce an buɗe ciki, kowa tiyata zai ji." Gaskiyarta.

6/ Abin da na tsaya a kai shi ne "tsakuren labarin kai". Dalilina: tsakure ba ya zama duka. Kalmar da kanta tana gaya wa ɗalibi ya ɗebo kaɗan ya bar saura. Wannan ma'aunin kuwa a aikinmu ya fi ko'ina nauyi, domin labarin ɗakinka ba naka ba ne kai kaɗai. Hadisin Abu Sa'idil Khudri a Sahihu Muslim ya sa mai yaɗa sirrin shimfiɗar matarsa cikin mafi munin matsayi a wurin Allah ranar ƙiyama. Saboda haka namijin da ke duba mai fama da saurin inzali ba shi da hurumin cewa "ni da iyalina ga yadda muke yi", ko da niyyarsa kwantar da hankali ce. Ban da haramci, majinyaci zai koma auna kansa da likita, ko ya fara tausaya masa ya manta da abin da ya kawo shi. In kuma mace ce a gabansa, maganar ta zama ƙofar ɓarna.

7/ Tsakanin ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa, tsakuren ya fi yalwa. Malami ya ce, "Ni ma da na fara, harshena ɗaurewa yake in zan ambaci al'aura," sai ɗalibi ya samu ƙarfin faɗin inda ya kasa, maimakon ya ɓoye. Amma malami ne ke sa hannu a takardarsa, don haka bai halatta ya tilasta masa faɗin sirrin aurensa da sunan horo ba.

8/ Akwai nau'in da kalmata ba ta ɗauka ba: abin da majinyaci ke ganewa game da mai ba shi shawara ba tare da an faɗa masa ba, kamar juna biyu, lallen amarci, ko karin harshen da ke nuna garinku ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan ba tsakurowa aka yi ba, gani aka yi. Malamanmu na Birnin Kebbi da Argungu, wace kalma kuke da ita? Takardar ba ta tafi wurin bugawa ba tukuna.