Neman shawara: wasu ɓerayena sun balaga, wasu shiru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a nan Samaru, kuma aikina da ƙananan fararen ɓeraye mata ne. Kashi biyu na samo daga wurare biyu, an haife su mako ɗaya. Na farkon duk gabansu ya buɗe, alamar fara balaga, tun suna mako huɗu, na biyun kuwa ga shi an shiga mako na shida, rabinsu shiru. Malamina ya ce ba za a fara gwaji ba sai matakinsu ya zama ɗaya. Iri ne ya bambanta su, ko kiwona ne? Abincin kaji na masu tasowa nake ba su duka. Don Allah a taimaka, kuɗin aikin nan daga aljihuna yake fita.

Likitan dabbobi, Kongo: Wa alaikumus salam ƙanwata. Iri yana da hannu sosai. A 2012 masu bincike na cibiyar Jackson ta Amurka sun auna ɓeraye iri 31 a yanayi ɗaya, suka tarar da tazarar makonni tsakaninsu. Masu ƙarancin sinadarin girma na IGF1 a jini sun fi jinkirin balaga, sun kuma fi daɗewa a duniya. Tambayi inda kika saya ko irin BALB/c ne, ko irin C57BL/6, ko gauraye.

Ma'aikacin ɗakin dabbobi: Da izinin Dakta. Malama, kafin a ɗora wa iri, ina kika ajiye kejin maza? Warin fitsarin babban namiji yana gaggauta balagar ƙananan mata, masani John Vandenbergh ya nuna haka tun 1969. Ba sai sun haɗu ba. Garin katakon da namiji ya jiƙa ya isa. Mata kuma idan aka cunkusa su keji ɗaya, fitsarin junansu jinkirta su yake yi. Ni wannan nake fara dubawa, don ɗalibai da yawa a kan abinci suke tsayawa, su manta da hanci.

Mai tambaya: Ikon Allah! Baba, kashin farko a kanta ɗaya suke da maza. Na biyun su goma ne a keji guda, can bakin taga.

Wata malamar jami'a: To kin ga abu biyu ke nan, ga na uku. Bakin taga a hunturun Zariya, abin da suka ci a ɗumama jiki zai tafi, ba a girma ba. Ki ɗora su a sikeli. Wanda aka haifa cikin 'ya'ya da yawa bai samu nono sosai ba, kuma marar kitse yana jinkiri, domin sinadarin leptin, mai taimaka wa balaga, daga kitse yake fitowa. Sannan buɗewar gaba ba ita ce cikar balaga ba, zafin neman namiji na farko yakan biyo baya da kwanaki.

Ma'aikacin ɗakin dabbobi: Ki raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ki janye su daga taga, maza su koma wani ɗaki. Haske awa 12, duhu awa 12, zafin ɗaki tsakanin digiri 20 da 26.

Likitan dabbobi, Kongo: Na yarda da Baba. Amma ko sun daidaita, kada ki sa kashi ɗaya ya zama na magani, ɗaya na kwatanci. Ki gauraya su a kowane rukuni, ki rubuta asalin kowacce da ranar yayenta, ki kai wa malaminki kafin ki fara.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Gobe da safe zan auna su, in turo muku nauyin.