Darakta ya ce a riƙe kyamara a hannu: wa ya taɓa yi?

Sabon shiga, Kano:
Assalamu alaikum manya. Mako mai zuwa muna da sin (wato fitowa a fim) ɗin rigima a tsakar gida, darakta ya ce ba tiraifod (sandar kafa kyamara mai ƙafa uku), ba gimbal (na'urar da ke hana kyamara girgiza), hannu yake so. Ban taɓa yi a fim ba. Don Allah wanda ya taɓa ya ba ni labarin yadda ta kaya.

Mai kyamara, Fagge:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni a lungun Kasuwar Kurmi na fara, inda ko wurin kafa tiraifod babu. Kuskurena, na tsaya nesa na ja zum, wato na jawo hoton kusa da kyamara. Da muka zauna kallo, fuskar jarumin sai rawa take kamar an ɗora ta a kan injin markaɗe. Sai da muka koma washegari. Zum yana ƙara girman duk wata karkarwar hannunka. Ka sa lens (gilashin gaban kyamara) mai ɗaukar faɗi, 24mm ya isa, ka matsa da ƙafarka. Gwiwar hannu ka manne ta da haƙarƙari, ka ɗan rusuna, in za ka yi tafiya ka fara dasa diddige kafin yatsu.

Edita, Kaduna:
Ni wadda aikinku ke zuwa teburina, roƙona ɗaya: girgizar ta zama da dalili. Ku kalli saukar sojoji bakin teku a fim ɗin Saving Private Ryan na 1998. Kyamara na rawa ne don tana bin mutum cikin tashin hankali, kuma kullum ka san wa kake kallo. Abin da ake kawo min sau da yawa kuwa hannu ne kawai ya gaji. Idan na daidaita girgizar a kwamfuta, gefen hoton ake yankewa, wani lokaci har da hular jarumi. Ku bar min sarari a saman kai. In firem 25 kuke ɗauka, wato hoto 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto) ta zauna a 1/50 na daƙiƙa.

Tsohon hannu, Jos:
'Yata ta faɗi gaskiya. Mu da muka yi zamanin kaset, kyamarar a kafaɗa take zama, nauyinta ke danne karkarwa. Na yanzu ba su da nauyi, shi ya sa ko numfashinka sai ya fito a hoto. Na gane haka a Hawan Daushe: dawakai sun taso jahi, ƙura ta turnuƙe, na riƙe numfashi don kar in motsa, ashe nan ne hannu ya fi rawa. Yanzu igiyar kyamara nake ratayawa a wuya, in tura ta gaba har ta ɗame, in riƙa numfashi a hankali.

Sabon shiga, Kano:
Allah ya saka da alheri. Baba, gobe da yamma zan gwada dabarar igiyar a soron gidanmu, ƙannena biyu za su yi min rigimar.