Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: zagi ne ko kuka?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba mu. Jiya a wajen ginin maƙwabcinmu wani lebura ya yini yana dakon bulo, da yamma ɗan kwangila ya zaftare masa kuɗin yini. Shi ne ya ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ɗan kwangila ya hau sama wai an kira shi macuci. Zagi ne ko kuka?

Malam Bazazzagi: Kuka ne. Kuma ku yi wa gardi adalci, shi ma ransa yake sayarwa. Kura ba tunkiya ba ce.

Maman Hanifa: Haba Malam, bayan ya ɗaura mata takunkumi?

Ungozoma: Ita kanta kalmar lebura daga leba ta Turawa ta fito, su kuma sun gado ta daga Latin, inda take nufin wahala. Da ita suke kiran aikin ƙarfi, da ita suke kiran naƙuda. Mu a asibiti kullum ji muke, wance tana leba.

Bakatsine: Allah ya jiƙan Iya, kakata. Ba ta yarda a kira jikanta lebura ko da wasa. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuza, aka shiga diban gwamna ana tura maza haƙar kuza a Jos. Dagaci ya ƙirga da kakanmu, gero bai isa girbi ba. Iya da goyo a baya ta yi girbin, ta ɗaure dammuna, 'yan haraji kuma ba su ɗaga mata ƙafa ba. Ya dawo da tarin sanyin Jos, har ya bar duniya bai sake riƙe fartanya da kyau ba. In aka yi wannan karin maganar a gabanta sai ta ce ai kura ta fi su gata, ko ba komai ana jefa mata ƙashi.

Malam Bazazzagi: Allah ya gafarta musu.

Sarkin Zolaya: Amin. Gardawan yanzu dai babbar riga suke sakawa, sai shekarar zaɓe suke fito da mu wasa.

Maman Hanifa: Mafi ƙarancin albashi dubu 70 tun 2024, je ka kasuwar Singa ka tambayi buhun shinkafa.

Ɗan Fagge: Ku dawo kan tambayata mana.

Sarkin Zolaya: Wai har yanzu masu wasa da kura suna zagayawa da Sallah? Mu a unguwarmu sai mai biri.