Don Allah me za mu ce wa sway bar link da Hausa? Gobe da safe nake buƙata

Mai shirin rediyo: Salam jama'a. Gobe ƙarfe 10 zan ɗauki shiri kan gyaran motocin shiga daji irin su Hilux da Land Cruiser, kuma ɓangaren da na maƙale shi ne yadda ake kwance sway bar link idan notinsa ya ci tsatsa ya ƙi fita. Ƙarfen nan ne ɗan gajere mai kai biyu da yake haɗa doguwar sandar da ke ƙarƙashin mota da ƙafar taya. Kalma uku nake nema, ta sandar, ta ɗan ƙarfen, da ta stud ɗin da noti yake hawa. Na rubuta "sandar daidaito" amma ni kaina da na karanta sai na ji kamar taken taron siyasa.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Malam sitabilaiza muke cewa, ɗan ƙaramin kuma linkej. Ka ce linkejin sitabilaiza kowa ya gane.

Malamin Hausa: Da izininku. Oga ba mu raina sana'arka ba amma wannan ai Turanci ne aka sa masa hula. Hausa tana da hanyarta, fi'ili da suna a haɗe, kamar hana-salla, dafa-duka, fasa-ƙwauri. Ni shawarata HANA-TANGAƊI. Sandar ita ce hana-tangaɗi, ƙaramin ɗan hana-tangaɗi. Ku faɗa da baki ku ji daɗinsa.

Direba daga Maraɗi: Mu nan biyelet ake cewa, daga Faransanci. Linkej ɗin nan yau na fara ji wlh

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Malam kalmarka da daɗi amma ba aikin sandar ba kenan. Tangaɗi da tsalle-tsalle aikin shokozoba ne. Ita sitabilaiza idan ka sha kwana mota ta so kwanciya gefe ɗaya sai ta murɗe ta riƙe ta, shi ya sa ma masu hawa duwatsu suke cire linkej ɗin da gangan don kowace taya ta sauka rami ita kaɗai, Jeep Wrangler Rubicon har maɓalli gare ta na raba sandar. Idan ka ce hana-tangaɗi a rediyo mutum zai je ya sayo shokozoba biyu a banza.

Malamin Hausa: To hana-karkata. Amma tangaɗi ya fi zama a baki, kuma ma'ana ai amfani ne yake ba kalma.

Hajiya mai fassara: Malam ran ka ya daɗe, to lagireto fa? Kafireto, salansa, birki, kuloci, sitiyari, fulogi, duk wa ya ce ba Hausa ba ne yanzu? Kakanninmu direbobi sun ji kalma sun lanƙwasa ta yadda harshensu ya so, shi kenan. Mu ne da muka yi boko muke jin kunyar aro.

Malamin Hausa: Hajiya lanƙwasawa daban, haɗiyewa daban. Lagireto ya zama namu domin Bature ma in ya ji ba zai gane ba. Sitabilaiza kuwa ko wanka ba a yi masa ba. Haka muke ta yi har yara sun koma cewa "zan yi calling ɗinka", wata rana sai an nemi Hausar a gidan tarihi.

Wani ɗalibi: Larabci da muka kwaso littafi da alƙalami da lokaci fa, shi ba aro ba ne? Ko shi aron mai daraja ne hhh

Malamin Hausa: Yaro wannan zancen ɗaruruwan shekaru ne, kar ka haɗa.

Direba daga Maraɗi: Kuma kullum idan ana maganar daidaitacciyar Hausa ta Kano ake nufi, mu na Nijar sai dai mu bi. Ni hana-tangaɗin ma ya fi mini, aƙalla ba na Ingilishi ba ne ba na Faransi ba, kowa ya ji daidai.

Mai shirin rediyo: Jama'a don girman Allah, stud ɗin fa? Dare yana yi.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Bol ne kawai, bol ɗin linkej. Amma Malam abin da ya kamata masu sauraronka su ji shi ne dalilin da ya sa yake ba da wahala. Gindinsa ƙwallo ne a cikin kwanon roba kamar boljoyin, don haka kana juya noti shi ma yana juyawa tare, ka kwana kana yi ba abin da zai fita. A bakinsa akwai ɗan rami na alanki, makullin nan mai kusurwa shida, yawanci lamba 5 ko 6, ka fara sa allura ko waya ka tono laka da tsatsar ciki, ka buga alankin ya zauna sosai sannan ka riƙe ka kwance notin da sifana. In ba ka tono ba ramin zai cinye ya zama zagaye, ka shiga uku. Ka goge tiredin, wato zaren bol ɗin, da burushin waya ka zuba man fesawa na sassauta tsatsa WD-40 ka bar shi ya jiƙa, mu dai wani lokacin man birki muke ɗigawa. Kuma a ɗaga tayoyin gaba duka biyu, yarana sun sha yin wannan kuskuren, jak gefe ɗaya sandar tana murɗe, noti ya fita amma bol ɗin ya cije a raminsa suna ta dukansa da guduma. In duk ya ƙi, yage robar ka damƙe bayansa da filaya mai kulle, ko ka sa garanda ka yanke tunda sabo za ka saka. In za a gasa notin da wuta kuma a yi hankali da tiyon birki da wayar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, suna nan kusa.

Hajiya mai fassara: Wannan ai shi ne shirin gaba ɗaya, ka kira Oga ya zo ya yi da bakinsa kawai.

Malamin Hausa: Ya ce "ya cije", ya ce "ramin zai cinye", kun ga Hausa tsantsa. Ashe ana iyawa. Bol ɗin ma a ce ƙusa mai zare.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Ƙusa ta kafinta ce Malam.

Mai shirin rediyo: To ga abin da zan yi. Farko zan ce linkejin sitabilaiza, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira biyelet, wato ƙarfen da ke riƙe da sandar hana mota karkata a kwana. Daga nan sai in ci gaba da linkej da bol. Na gode ƙwarai.

Malamin Hausa: Shirinka ne. Ni dai a ajina hana-tangaɗi zan ce.

Direba daga Maraɗi: Oga ramin alankin nawa ya riga ya cinye tun makon jiya, garandar kenan?