Na'urar oksijin mai matsi tana taɓa kunne?

Ɗan Gidan Igwai: Assalamu alaikum. Baba na da gyambon ciwon suga a ƙafa, likita ya ce a gwada wanga magani da ake sa mutum cikin na'ura ya shaƙi oksijin ƙarƙashin matsi. An ce yana lahanta kunne. Ga shi kuma tun shigowar hazo yake fama da mura.

Hajiya Nas: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kunne ne matsalar da aka fi gani a wannan magani. Bayan dodon kunne akwai ɗan rami mai iska, siririyar hanya guda ce ke haɗa shi da bayan hanci. Ana ɗaga matsin zuwa ninki 2 ko 2.4 na iskar waje. A ninki 2, kamar mutum ya nutsa mita 10 ne cikin ruwa, iskar ramin ta koma rabi. In hanyar ba ta buɗe ba, sai fatar dodon ta lotsa ciki, ruwa ko jini ya taru, har ta iya fashewa.

Haɗarin yana cikin minti 10 zuwa 15 na farko. Tun kafin zafi ya zo ya riƙa haɗiye miyau, ya yi hamma, ko ya toshe hanci ya rufe baki ya hura a hankali har ya ji "ɗas". In hanyar ta ƙi buɗewa, ya ɗaga hannu a tsaya, a rage matsin kaɗan. Dattawanmu da dauriya, shiru za su yi, ku ja masa kunne kan wannan.

Malam Likita: Hajiya ta gama magana, amma murar nan ita ce abin dubawa. Majina da kumburi na toshe hanyar. Ku fara kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) da ke Sakkwato a leƙa kunnen. Maganin fesa hanci irin Otrivin na taimakawa, sai dai kada ya wuce kwana 3 zuwa 5, kuma a tambayi likita in yana da hawan jini. Kada ya hura da ƙarfi: hanyar kan kulle in matsi ya yi yawa, ƙarfin sai ya ji wa can cikin kunne rauni. Jiri, ƙara a kunne ko raguwar ji, a faɗa nan take.

Ɗan Gidan Igwai: Na gode ƙwarai. To in ya kasa koyon hurawar fa?

Malam Likita: Sai a ɗan tsaga fatar dodon a sa ƙaramin bututu, iska ta riƙa wucewa da kanta. Ruwa kawai za ku kiyaye wajen wanka.