Neman kalma: me za mu kira "concealed carry" da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu fassarar labarai, ga wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: "concealed carry", wato fita cikin jama'a da bindiga a ƙarƙashin riga ko cikin jaka, da abokiyar tagwaicinta "open carry", wato fita da ita kowa na gani. Duk sanda labarin dokar bindiga ya taso daga Amurka, sai mu tattara komai mu ce "mallakar bindiga". Wannan fassarar tana haɗiye rabin labarin, kuma mai sauraro ne ke asara.

2/ A can, saye daban, mallaka daban, fita da ita cikin mutane daban, kuma kowace jiha cikin 50 da nata tsarin. Dokar tarayya ta hana dillali mai lasisi sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, doguwa kuwa 18, kuma sai an binciki tarihin mai saye. Daga nan jihohi ke ɗorawa. A Kalifoniya sai ka jira kwana 10 kafin a miƙa maka abin da ka saya. A Illinois mazaunin jihar sai yana da katin shaida na musamman kafin ya ajiye ko da harsashi. Duk wannan ba a zo maganar fita waje ba tukuna.

3/ A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙolin Amurka ta ce mutum na da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. Wannan mallaka ce. A ranar 23 ga Yunin 2022, a shari'ar Bruen, ta rushe sharaɗin jihar New York da ke cewa sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka izinin fita da ita. Hukunci biyu, shekara 14 tsakani, kan abu biyu. In muka ce "mallaka" a duka, mun mai da su labari ɗaya.

4/ To, mu fara da aikatau, wato "carry". "Ɗauka" ce ke fara zuwa baki, amma ba ta yi ba. A kunnen Bahaushe, wanda ya "ɗauki makami" ya shiga daji ke nan ko ya yi tawaye. Ba za mu ce da tsohuwar da ta sa ƙaramar bindiga a jaka ta tafi kanti ta ɗauki makami ba. "Riƙe" kuma tana komawa ga mallaka: "yana riƙe da bindiga" na iya nufin tana ƙarƙashin gadonsa.

5/ Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba, har ma sun yi yawa. Maharbi yana saɓa bindigarsa a kafaɗa. Buzu yana rataya takobi. Mutum yana soke wuƙa a ƙugu. Kowace tana faɗa maka inda makamin yake a jiki. Na so "soke" ƙwarai, domin ita ce ta fi kama da yadda ake sa ƙaramar bindiga ƙarƙashin riga. Sai dai ku gwada ta a jimla: "an ba da lasisin soke bindiga". A labarin doka, inda kullum ake soke lasisi ana soke hukunci, ba mai gane wace sokewar ake nufi. Dole na haƙura da ita.

6/ Abin da ya rage shi ne "yawo da". Mun saba jin "an haramta yawo da makami" a sanarwar hukuma lokacin sallah ko zaɓe, kuma kowa ya san nufinta: makami a jikinka, kai kuma a cikin jama'a. Ba sai mun ƙirƙiro sabuwa ba.

7/ Sauran rabin kalmar, wato "concealed", shi ne ya fi ba ni aiki. Da yawa za su ce "a ɓoye". Ni ban yarda ba. Ɓoye makami aikin mai laifi ne, shi ne abin da muke ji idan an kama mota da bindigogi cikin buhun hatsi. Wanda ake magana a kansa kuwa ba hukuma yake ɓoye wa ba. Sau da yawa hukumar ce ta ba shi kati, wani wurin ma ita ce ta ce kada ya bari a gani. Idon mutane kawai ya kare.

Kalmar da nake kawowa ita ce "a sakaye". Idan ɗan jarida ya ce an sakaya sunan wani, ba wanda ke zargin an yi rashin gaskiya: abin yana nan, an dai rufe shi bisa dalili. Haka bindigar take, tana jiki, riga ko jaka ta sakaya ta.

8/ Kishiyarta mai sauƙi ce: "yawo da bindiga a bayyane". Misalinta shi ne 2 ga Mayun 1967, ranar da 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther suka shiga ginin majalisar Kalifoniya a Sacramento da bindigogi kowa na gani. A shekarar gwamna Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da ta hana yawo da bindiga mai harsashi a cikin jama'a.

9/ Akwai ta uku, wadda magoya bayanta ke kira "constitutional carry". Kada mu fassara sunan, domin sunan kansa hujjar ɓangare ɗaya ce a gardamar. Mu faɗi abin da dokar ke yi: ta cire sharaɗin lasisi kafin a yi yawo da bindiga. Amma a kula: "yawo da bindiga ba tare da lasisi ba" a wurinmu tuhuma ce da ake karanta wa mutum a kotu. A ce "ba sai da lasisi ba". Jihar Vermont ba ta taɓa neman lasisin ba, Alaska ta bi a 2003, Arizona a 2010, Texas daga 1 ga Satumban 2021, yanzu kuma sun haura rabin jihohin ƙasar.

10/ Mu riƙa saka sunan jihar a jimlar farko, domin mai sauraronmu bai saba da haka ba. A Najeriya bindiga hurumin tarayya ce, ƙarƙashin dokar 1959. Shi ya sa da gwamnatin Zamfara ta ce a Yunin 2022 jama'a su nemi bindiga don kare kansu, aka yi ta tambayar wa zai ba da lasisin, tunda ba a hannun gwamna yake ba. A Amurka kuwa katin da ya halatta maka a wannan jiha na iya zama bai da amfani da zarar ka tsallaka iyaka.

11/ Ga gwaji da dokar Florida ta 2023, wadda "mallaka" ba za ta iya faɗa ba: "Daga 1 ga Yuli, wanda ya cika sharuɗɗa zai iya yawo da bindiga a sakaye a jihar Florida ba sai da lasisi ba, amma wannan doka ba ta halatta yawo da ita a bayyane ba." Malamai, ku karanta ta da ƙarfi kamar kuna gaban makirufo, ku faɗa mini inda harshe ya yi tuntuɓe.